Jarrabawar Fulawa da Bota a Zafin Kano

Da yawa daga cikin 'yan unguwarmu a Gyaɗi-Gyaɗi ba su yarda ana yi wa girki jarrabawa ba. A ganinsu mace ko dai tana da hannu ko ba ta da shi. Ni kuwa na zauna wa jarrabawar lissafi da ta Turanci a sakandare, amma ban taɓa kwana ido biyu saboda wata jarrabawa ba sai da na zo kan ta gashin kek da burodi a makarantar koyon girki.

A darasinmu na farko Malama ta sa kowace ɗaliba ta ɗebo fulawa gwangwani ɗaya ta ɗora a kan sikeli. Ba a samu biyu da nauyinsu ya zo ɗaya ba, domin wata ta danna, wata ta tankaɗe, wata ta yi tozo. Daga ranar aka raba mu da gwangwani. Aka koya mana lissafin masu burodi, inda fulawa ce uwa: a kowane giram 100 nata ana sa ruwa wajen giram 60, gishiri 2, busasshen yis 1. Wadda ta riƙe wannan za ta iya kwaɓa rabin kilo, za ta iya kwaɓa buhu, kuma burodin ya fito iri ɗaya. Abin da masu jarrabawa ke nema ke nan. Za su ce a yi ƙananan burodi dozin ɗaya, su auna su ɗaya bayan ɗaya, su yanka guda su dubi cikinsa. Kafin nan sun riga sun dubi farcenki, tsabtar teburinki, yawan fulawar da kika zubar, da takardar da kika tsara aikinki a kai. Sannan tambayar da ta fi kowace ba ni tsoro ta biyo baya: me ya sa kika yi haka?

Abin da ya fi wahalar da ni shi ne kwaɓin ninki, wanda ake naɗe bota a cikinsa. Ana murza shi da sandar murji, a ninka gida uku, a sa a firji ya huta, a sake, har sau shida. Idan an yi daidai, botar za ta rabu zuwa shimfiɗa 729 a tsakanin fulawa. A cikin oben ruwan da ke jikin botar ya zama tururi, ya ɗaga kowace shimfiɗa, shi ya sa abin ke fitowa da ɓawo-ɓawo mai garas-garas. Sharaɗinsa ɗaya ne, kada botar ta narke kafin ta shiga wuta. To bota tana narkewa ne tsakanin digiri 32 da 35, mu kuma jarrabawarmu ta faɗo a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40. Littattafan da muke karantawa a ƙasashen sanyi aka rubuta su. Idan marubucin ya ce a bar bota ta yi laushi a cikin ɗaki, ɗakin Faransa ko na Ingila yake nufi, ba namu ba.

A nan na gane amfanin tambayar nan da nake tsoro. Wadda ta haddace littafi kawai, zafi zai kayar da ita. Wadda ta san dalili za ta nemi dabara. Mun koyi kwaɓi da ruwan ƙanƙara, mu sanyaya teburi da tiren ƙanƙara kafin mu shimfiɗa kwaɓin, mu yi ninki ɗaya cikin hanzari mu mayar firji. Idan aka ɗauke wuta, kula ce da ƙanƙarar saye ke ceton mu. A gida kuwa da an idar da sallar asuba nake gwaji, kafin rana ta buɗe ido. Da hunturu kuma komai sai ya juye. Iska ta bushe, kwaɓi ya yi ɓawo a sama idan ba a rufe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle ba, yis ya yi nawa wajen tashi. Sai a taimake shi da ruwan ɗumi, amma da lura, don ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi.

Akwai wata jarrabawar da ba a rubuta ta a takarda, wato ta aljihu. Kowane gwaji fulawa ce da ƙwai da bota da sukari da gas. Mukan haɗa kuɗi mu sayo fulawa da sukari a Kasuwar Singa mu raba, ƙwai kuma a kasuwar Tarauni. Ba mu da oben a gida a lokacin. A babbar tukunya nake gashi, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, kuma na san ba ni kaɗai ba ce a ajinmu, ko da yake ba wadda ke son faɗa. Kunya nake ji ƙwarai idan masu oben suna hirar digiri 180. Amma tukunyar nan ce ta koya mini gane kek da ƙamshinsa da kalar gefensa, kuma ranar jarrabawa da aka ba ni oben mai cin gefe ɗaya, na lura da wuri na juya tiren.

A jarrabawar rubutu an tambaye mu game da sinadarin buromet, wanda wasu masu gidan burodi ke sawa don ya kumbura, wanda kuma hukumar NAFDAC ta haramta tun zamanin Dora Akunyili saboda illarsa ga lafiya. Malama ta ce mana wannan amsar ba don maki ba ce, amana ce, domin mai cin abin hannunki bai ga lokacin da kika kwaɓa ba.

Na ci jarrabawar, alhamdu lillahi. Sai dai na fito da wani abu da ke damuna har yau. Gwaggona ta shekara da shekaru tana yi wa amare kayan gara: alkaki, dubulan, nakiya, gireba. Wata rana ina kallo tana dafa sukarin alkaki, ta ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsu biyu, ta ga ya ja zare, ta sauke. Na ce, "Gwaggo, wannan fa shi aka koya mana da ma'aunin zafi." Ta ce, "'Yar nan, mu ido da yatsa aka ba mu." Tsamiyar da take zubawa ma tana da dalili, tsaminta ne ke hana sukarin komawa ƙanƙara. Ilimi ne cikakke, amma a jarrabawar gashin da makarantarmu ta shirya mana ba a ce mu yi alkaki ba, ba a ce gurasa ba, alhali matan unguwar Jakara sun gaji gasa ta a tanderu kaka da kakanni.

Girkin Faransa bai zagaye makarantun duniya don ya fi namu daɗi ba. An rubuta shi ne da awo. Littafin da Auguste Escoffier ya fitar a 1903 har yanzu ana koyarwa da shi. Namu kuwa yana hannun tsofaffi, kuma duk wadda ta rasu da nata take tafiya.

Don haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda Allah ya bar musu kaka ko gwaggo mai wannan sana'a: ku zauna da su, ku auna abin da suke ɗiba da hannu, ku rubuta, ku tambaye su dalili. Malamanmu na makarantun girki a Kano kuma, don Allah ku sa alkaki da dubulan da gurasa cikin abin da za a jarraba ɗalibi a kai, da maki daidai da na kek.