Ɗanbatta: Inda Ake Auna Aljihun Manomi Kafin a Hura Wuta

Ɗanbatta tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Kazaure da Daura, tafiyar awa guda da 'yan kai a mota. Gari ne na Dambazawa, gidan sarautar Sarkin Ban Kano. Tun daga nesa gonakin gero, dawa, wake da gyaɗa ne hagu da dama, ƙauye na hangen ƙauye. Babu manyan masana'antu irin na Sharaɗa ko Bompai, amma ana ƙira, kuma mai son ganin yadda lissafin ciniki ke haifar da sabuwar dabara zai samu abin kallo.

Ranar Lahadi na iso, ranar da kasuwa ke ci. Babura, amalanken shanu da motocin kaya sun cushe hanya, sai mutum ya riƙa ratsawa a karkace. Na fara da rumfar maƙera, inda yaro ke kan zuga-zugi, manya biyu na karɓa-karɓa da masaba. An jera fartanya, lauje, magirbi da bakin garmar shanu a kan buhu. Dattijon rumfar ya nuna mini tsohon sifirin na mota da ya saya hannun 'yan gwangwan, ya ce da shi yake yin bakin garma don ya fi jure ƙasa. Kala biyu yake yi: mai kauri ga wanda ke huɗar kuɗi a gonakin mutane, da mara nauyi, mai rangwame, ga mai 'yar gonarsa. Tun bazara yake tara su, domin in ruwa ya sauka babu manomin da zai jira wuta.

Daga nan na bi bakin titi zuwa wurin masu walda. Ƙofofi da tagogi ne a gaba, amma a bayansu injin sussukar masara ne da na ɓarar gyaɗa, an shafe su da koren fenti. Maigidan ya ce a da ƙofa kaɗai yake yi, sai ya ga kowa ya iya, riba ta zama ta cefane. Shi ne ya kwance wani injin waje da aka kawo gyara, ya gane cikinsa, ya ƙera nasa. Bai kwaikwaya ido rufe ba. Ya sa rariyar da ake cirewa a sauya, don inji ɗaya ya yi amfanin gona fiye da ɗaya. Ya rage girmansa yadda amalanke za ta kai shi gona. Boris da bel kuwa ya zaɓi waɗanda ake samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, don kada lalacewar ƙaramin abu ta kwantar da inji ana tsakar kaka.

Farashi ba ya zama wuri ɗaya, yana bin kuɗin ƙarfe da na mai. Kafin cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. A ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Da yake wutar lantarki ba abar dogaro ba ce, janareto ke riƙe da walda, don haka ake tara aiki a tayar da shi sau ɗaya. Mai saye yakan ba da kafin alƙalami, da shi ake sayo ƙarfe, ya cika sauran bayan ya sayar da amfani. Wasu manoman haɗa kuɗi suke yi su sayi inji ɗaya, su riƙa sussukar haya buhu-buhu.

A cikin unguwa, ƙamshin suyar gyaɗa ne ya kai ni ƙofar wani gida. 'Yan mata sun yi layi da robobi a wurin mai injin markaɗe. Wata uwa mai sana'ar man gyaɗa ta ce inji ya ɗauke musu daka, amma abin da ya riƙe cinikinta shi ne awo: jarka ga mai kai wa birni, kwalba ga mai shago, ɗan ƙulli ga wadda za ta yi miyar dare. Tunkuza kuma ba ta zubewa, ita ce ƙuli-ƙuli, kuma sau da yawa a nan ribar take.

Duk wanda na tambaya, kafin ya sauya ƙira sai da ya san wa zai sayar wa, yaushe kuɗi ke shiga hannun mai sayen, kuma wa zai gyara masa. Fasaha akwai ta a garin nan. Abin da ke daƙile ta shi ne jarin sayen ƙarfe da yawa lokacin da yake araha, da tsayayyar wuta. Masu shirin tallafa wa ƙananan masana'antu a arewacin Kano ya kamata su fara daga waɗannan biyun.