Tsutsar Kwamfuta Da Filashin Da Ke Yawo Tsakanin Ofisoshinmu

Jama'a, tun ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta. Windows 7 tun Janairun 2020 aka sallame ta, XP kuwa tun 2014. Amma duk mai shiga ofisoshi da shagunan buga takardu daga Birnin Kudu har Gwaram ya san da irinsu muke aiki har gobe. A cikinsu ake ajiye jerin albashi, sakamakon jarrabawar yara da takardun 'yan fansho. Abin da ya sa nake wannan dogon rubutu ke nan.

Mu da muka fara taɓa kwamfuta a kafe ba za mu manta da Blaster ta 2003 da Sasser ta 2004 ba. Kana tsaka da aiki sai saƙo ya fito cewa saura daƙiƙa 60 na'ura ta mutu, ya kama ƙirge a gaban idonka. Irinsu ake kira tsutsa, domin ba sa jiran ka danna komai, da kansu suke rarrafawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Abin lura shi ne, Microsoft ya fitar da facin ƙofar da Sasser ta bi tun 13 ga Afrilu 2004, ita kuma sai ƙarshen watan ta ɓulla. Haka WannaCry: an fitar da faci a Maris 2017, ta zo a Mayu ta kama kwamfuta sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A wajenmu, da yake ofisoshi da yawa ba intanet, filash ne babbar motar da irin waɗannan ƙwayoyi ke hawa. Na san ofishin da aka yi wa kwamfutarsa fomatin har sau uku cikin wata guda. Duk lokacin da mai gyara ya gama, sai a ɗauko filashin nan dai da aka kai shagon buga takardu a soka, shi ke nan an koma gidan jiya. Ana ta zargin mai gyara, alhali ciwon yana cikin aljihun masinja.

Kafin komai, a tabbatar tsutsa ce. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif, ba gargaɗi, fanka na ta ƙugi, yawanci zafi ne da ƙurar hunturu ko mataccen batir. Wadda ke fito da saƙon ƙirge, ko take mayar da fayilolin filash 'yan gumaka masu kibiya, wannan kam a bincike ta.

Ga yadda nake yi idan na tabbatar. Da farko na raba ta da intanet, na zare wayar da ta haɗa ta da sauran. Idan ƙirgen ya fara, a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta shutdown /a, zai tsaya. Daga nan a samu kwamfuta mai lafiya a sauko da Microsoft Safety Scanner, kyauta ne, amma bayan kwana 10 yake daina aiki, sai an sake sauko da sabo. A bar shi ya bincika na'urar kaf. Fayilolin filash da ake zaton sun ɓace kuwa, galibi ɓoye su aka yi. Kada a danna gumakan nan masu kibiya, dannawar ce ke tayar da cutar. A wanke filashin, a kwashe takardun, sannan a yi masa fomatin.

Sai babban aikin, wato hana ta dawowa. A sa duk facin tsaro kafin a mayar da na'urar cikin 'yan uwanta. A wanke duk kwamfutocin ofis da duk filashin ma'aikata a rana ɗaya, don guda ɗaya da aka bari ta isa ta sake shafa wa kowa. A ware filash ɗaya na zuwa shago, kada ya kusanci kwamfutar albashi. A guji Windows da manhajojin sata, sau da yawa da cutar a ciki suke zuwa. A kuma ajiye kwafin muhimman takardu a wani faifai da ba ya kwana a jikin na'ura.

Roƙona ga shugabanninmu na ofis, ranku ya daɗe, kuɗin data na sabunta kwamfuta duk wata bai kai kuɗin fomatin uku ba. A ɗora wa mutum ɗaya wannan alhaki, a kuma fara sa sauya tsofaffin na'urori cikin kasafi. Ranar da fayil ɗin wani dattijo ɗan fansho ya ɓace, shi zai yi ta zarya daga Basirka ko Sara da kuɗin motarsa.

Don Allah a tura wa mai kula da kwamfutar ofishinku. Allah ya tsare mana amanar da ke hannunmu.