KOYIL SHIDA KO KUƊIN MAKARANTA?

Waɗanda suka san ni sun san jar motar nan mai kujera biyu, Nissan 350Z, da na gada daga marigayi Yayana, Allah Ya jiƙansa. A ofis har tsokanata ake yi, wai ma'aikacin gwamnati mai 'ya'ya huɗu yana yawo a motar samari. Na kasa sayar da ita ne kawai. Ita kaɗai ta rage min a cikin kayansa.

Ranar Talata da ta wuce ina hanyar ofis sai ta fara rawa kamar mai zazzaɓi. In na taka, ba ta ja. Fitilar injin nan mai ruwan ɗorawa ta shiga ƙyaftawa. Na lallaɓa zuwa garejin da ya fi kusa. Bakaniken ya cire koyil biyu, ya ga robar ɗaya ta tsage, ɗayan kuma jiƙe da baƙin mai. Ya ce, "Yallaɓai, duka shidan za a canza, in ba haka ba gobe ma za ka dawo."

Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi benci. Kusan daidai da kuɗin zangon makarantar babbar 'yata, wanda saura mako biyu a biya. Kun dai san halin da ake ciki tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, Naira kuma ta faɗi. Kayan gyaran mota daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, albashi kuwa yana nan yana tafiyar hawainiya. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake Naira 70,000, ba a ce wa mutum "a canza duka" da wasa.

Daren nan uwargida ta ce, "Baban Ummi, ka ajiye ta mana sai ƙarshen wata, ko ka riƙa lallaɓawa da ita haka." Shawara ta biyun ce na kusa ɗauka, kuma da na ɗauka da na yi da-na-sani.

Washegari wani abokin aikina ya kai ni wurin wani dattijon mai gyaran wutar mota. Shi ya zaunar da ni ya yi min karatu. Injin motar silinda shida ne, kowace da koyil ɗinta a kan fulogi. Aikin koyil shi ne ya ɗauki wutar batir mai ƙarfin volt 12 ya mayar da ita dubban volt, don fulogi ya yi tartsatsin da zai kunna fetur. In ɗaya ya mutu, fetur ɗin silindar ba ya ƙonewa, sai ya gangara salansa ɗanye, ya je ya ƙone a cikin abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi. Ya ce in fitilar tana ƙyaftawa, gargaɗin ke nan: indomin na cikin haɗari, kuma kuɗinsa ya ninka na koyil.

Sai ya jona kwamfuta. Ta nuna P0303, wato silinda ta uku ce ba ta kamawa. Ya cire koyil ɗinta ya musanya da na silinda ta ɗaya, ya goge lambar, muka zaga unguwa muka dawo. Yanzu P0301 ta fito. Ciwon ya bi koyil ɗin, ke nan shi ne mai laifi. Da lambar ta tsaya a ta uku, ya ce da sai mu koma kan fulogi ko injekta.

Sauran fa? Mai tsagaggiyar roba, jikinsa lafiya lau, robar kawai aka sauya. Wanda ya jiƙe da mai, murfin saman injin ne ke yoyo cikin ramin fulogi. Aka goge shi, aka gyara yoyon. Amma ya ce da tsagar a jikin koyil ɗin take, ko akwai baƙin layin ƙuna inda wuta ke tsallakewa, to babu zancen lallashi, sai sabo. Fulogai kam duka shida muka canza, don sun cinye, kuma fulogin da ya cinye shi ke wahalar da koyil har ya mutu.

Ban ce bakaniken farko ɓarawo ba ne. Koyil ɗin duk sa'annin juna ne, wata rana wani zai bi sahu, kuma mai hali yana iya canza su gaba ɗaya ya huta. Ni dai ba ni da wannan halin a bana. Abin da ya yi min ciwo shi ne bai gwada komai ba, da ido kawai ya yanke hukunci a kan aljihuna.

Na biya kuɗin makaranta jiya, alhamdulillahi. Motar Yaya kuma tana ƙofar gida. In taku ta fara rawa, ku ce a gwada a gabanku kafin ku ciro kuɗi. Allah Ya rufa mana asiri.