Gawon gonar kakana

Duk sa'ad da na fita Tasawa ta hanyar Damagaram, idona kan nemi gawon gonar kakana. Yana nan tsaye, sai dai babu hatsi a gindinsa. An kafa ƴan duwatsun siminti, an yanka gonar fegi-fegi, gari ya iso.

Kawuna ya karɓi diyyar ƴan fegi, ya sayar da biyu a shekarar da damina ta gaza. Ban ga laifinsa ba. Tun 1993 dokar karkara ta Nijar ta amince da gonar gado, har kwamitocin filaye na ba da takarda, amma mutanenmu kan tsaya ga shaidar maigari da ta maƙwabci. Ranar da masu awo suka zo, takarda aka fara tambaya.

A Mayahi, gefen Gulbin Kaba, na ga mata suna yankar kaba a fadamar da ba a kai ga aunawa ba tukuna. Na daɗe ina kallonsu. A gindin gawonmu kuwa, wani maƙeri ya kafa rumfa, yaransa na wasa da ƴaƴan gawo da suka faɗo.