Wasiƙa Daga Maijirgi: Wa Ke Tuƙa Tuwon Sayarwa Yanzu?

Aminina,

 Ya kasuwa, ya haƙuri da zaman birnin Kano? Mu nan Maijirgi lafiya lau, sai godiyar Allah. An yanke hatsi, an ɗaure dammuna, wake ne kaɗai ya rage a gona.

Saƙonka na murya ya iso, na kunna shi a majalisa, jama'a suka yi ta dariya. Wai kai da ke zaune inda ake buga waya a kawo wa mutum abinci har ƙofar gida, kai ne kake tambayar ko tsohuwar nan mai tuwo ta bakin kwalta tana nan. Ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Rumfar ma babu ita, shagon cajin waya ne a wurin. Tambayar taka ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka.

Ka dai tuna, sa'ad da muke yara magidanci ba ya cin abinci a waje. Ƙosai da waina na safe, wannan kowa na aika yaro ya sayo. Amma a ce mai mata ya zauna kan benci yana lasar miyar wata, ai kafin la'asar gari ya ɗauka cewa uwargida ta yi yaji. Rumfar tuwo ta baƙo ce. Direban babbar mota da yaronsa, mai awon hatsi da ya kwana a hanya, Bafillace ko Buzu da ya kawo dabba ranar kasuwa, malamin makaranta da aka turo daga nesa bai zo da iyali ba, sai kuma gwauraye, waɗanda su dama ba su da abin ɓoyewa. Mu yara muna raɓewa ne kawai, ko a aike mu ɗebo ruwa a biya mu da ƙanzo.

Hanya ce ta yi waɗannan rumfuna, babbar hanyar nan da ta taso daga Yamai, ta ratso Agye da Gazawa da Tasawa, ta bi ta kanmu ta nufi Damagaram. Sai dai kusancinmu da Tasawa ya rage mana rabo. Manyan motocin fasinja can suke tsayawa, can ake sauka a yi salla a ci abinci, mu sai dai mu ga wucewarsu. Abin da ke faɗowa hannun matanmu shi ne motar kaya da ta yi zafi, da motocin ƴan kasuwar ƙauye. Wani lokaci kuma Bature ya tsaya ganin kaburburan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa biyun nan da suka taho suna ƙone garuruwa suna kwashe rumbuna, har sojojinsu suka harbe su a wannan yanki a watan Yuli na 1899. Tsofaffi kan ce baƙin da suka fi kowa ci a ƙasar nan ke nan, kuma ba su biya ko dala ba. Jikokinsu masu zuwa kallo su kuma da ruwansu na gora suke zuwa, ba sa taɓa tuwonmu.

Bari in dawo kan tsohuwar, don ita ce ka tambaya. Ni har yau ban ci miyar kuka irin tata ba, kuma na yi tunanin dalili. Ba wani asiri ba ne. Daddawa take sawa ta gaske, wani lokaci ta kalwa, in ta yi tsada ta koma ta ɓatso, wadda ake yi da ƴaƴan yakuwa, mai warin nan da ke tarye ka tun daga nesa. Kuka kuwa ita ke shanya ganyenta a inuwa, shi ya sa miyar ke fitowa kore shar ba baƙa ba. Ta bar ruwan miya ya daɗe yana tafasa da ƙashi kafin ta kaɗa. Hatsin a surfa shi, a wanke, a bar shi ya sha iska kafin niƙa, tuwon ya fito da santsi babu tsaki. Ta kwasa da mara ta zuba maka a akushi, ta ɗiga man shanu. In ka ce, "Inna, gyara fa?" sai ta harare ka, ta ce, "Gonar ubanka na noma?" sannan ta ƙara. Dala 5 muke miƙawa mu tashi da ciki. Tana ba da bashi, ba ta rubutu, kuma ban taɓa jin ta manta da na kowa ba. Da safe abin da ya kwana ta ɗumama shi, kuma ka san akwai mutanen da ɗumamen nan suka fi so a kan sabon tuƙi. Kana cikinsu, kada ka musa.

Da muka tafi kolej Tasawa sai duniya ta buɗe. Can muka san shinkafa da wake da mai da yaji a ƙofar makaranta, a ɗan kwano, ana ci ana kallon mai ƙararrawa. Can muka fara zama teburin mai shayi a tasha, muna kallon yadda yake ɗaga kofi sama yana tsiyayowa, ya yanka burodi ya shafa masa mai, mu kuwa mutum uku kan kofi ɗaya. Kilishi sai dai ƙamshi. Mukan tsaya wajen mahauta muna kallon yadda suke feɗe tsoka ta zama shimfiɗa, har kana hango rana ta cikinta, su shanya a kan gadon kara, in ta bushe su tsoma a labu na tunkuza da kayan yaji, su sake shanyawa, sannan a nuna mata wuta kaɗan. Akwai ja, akwai fari, akwai rumuzu wanda ba a yi masa labu, mai da gishiri da yaji kawai. Ni rumuzu nake so, don a nan mahauci ba shi da inda zai ɓoye mugun nama. Mutanen Madawa suna cika baki da nasu, na ci, yana da daɗi, amma ba zan sayar da na Tasawa ba. Wannan ɗaya ne daga cikin abubuwan da ba su lalace ba, kuɗinsa ne dai ya yi fiffike.

Maganar kuɗi kuwa, mai abinci a ƙauye ba ta son ƙara farashi, don ta san abin da ke aljihun mai zuwa. Ludayi take ragewa. Duk wata wahala da ƙasar nan ta shiga, a ludayin nan na fara ganinta. Yunwar 1984, wadda iyayenmu suka sa wa suna El-Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da Buhari ya yi a lokacin, ita ta kawo garin rogo cikin kwanonmu, aka riƙa kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli ana sayarwa inda dā tuwo ake tuƙawa. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi, madarar gwangwani ta mai shayi ta koma ana ɗiga ta kamar maganin ido. A 2005, bayan fari da fara sun cinye daminar da ta gabata, tiyar hatsi ta gagari talaka a duk jihar Maraɗi, mata da yawa suka kife tukunyar sayarwa, wasu ba su sake ɗorawa ba. Na baya-bayan nan kai ma ka gani daga can ɓangarenku, da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, shinkafa da mai suka yi tsadar da dala 20 ba ta ƙosar da yaro, balle mai noma.

Amma ba tsada ce ta kori tuwo daga bakin hanya ba, wahala ce. Ka lissafa aikin: surfe, wanki, kai niƙa, tankaɗe, talge, tuƙi, ga itacen da yake ci, itacen da yanzu sai an saya. Shinkafa kuwa a wanke a zuba. Makaroni ma ko wankin babu. Yarinyar da za ta fito da kula biyu da safe ta sayar kafin azahar, me zai kai ta ga muciya? Sannan mai saye ya canza. Yanzu ɗan gari ne ke ci, ba baƙo ba, kuma ɗan gari ba zai ba da kuɗinsa a kan abin da ke jiransa a gida da dare ba. Samarin da suka je ci-rani Libiya da Aljeriya, da waɗanda suka bi zinariyar Jado tun 2014, sun dawo sun saba da cin abinci a waje. Ƴan kabu-kabu ba su da lokacin komawa gida da rana. Kunyar nan ta dā ta tafi, har magidanta na gani da dare gaban mai shayi ana soya musu Indomie da ƙwai, ba mai cewa uffan. Ban ce laifi ba ne. Uwargida ma ta huta da wani ɗorin.

Awara ta shigo mana daga wajenku, ta zauna daram, yara sun fi sonta a kan ƙosai. Ɗanwake na nan, tsala na nan ranar kasuwa, dambu da zogale na nan, shi kam Allah Ya raya masu yin sa. Fura ce ta rabu biyu. Akwai ta Bafillatana a ƙwarya da nono mai tsami, akwai ta injin markaɗe da ƙanƙara a cikin shago. Ta injin tana da sanyi, a watan Afrilu ba na raina ta, amma ba ta riƙe ciki zuwa la'asar.

Ka tambayi sababbin wuraren nan na Tasawa masu kujerun roba da fanka da talabijin ana kallon ƙwallo. Na shiga wasu. Gaskiya suna da tsabta, akwai ruwan wanke hannu da sabulu, abincin a rufe, ba ƙuda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne in ka tuna yadda muke kora ƙuda da hannun hagu muna ci da dama. Matsalata da su miya. Tumatirin gwangwani, Maggi, mai, shi ke nan, ko'ina ka je ɗanɗano ɗaya. A wani wurin, ba zan faɗi suna ba, na nemi tuwo, yaron ya dube ni ya ce sai dai in yi oda tun jiya. Na ce to a kawo zabo. Aka kawo wanda ina jin ya ga zamanin Diori Hamani, na yi ta fama har na haƙura na sha romon. Da babu gara ba daɗi.

In nama kake so na gaskiya, ka bar wurin fanka ka bi hayaƙi. Ranar kasuwa, ko nan ko Mayahi, ka sami mahaucin da ya yanka jar akuya da safe, ka tsaya a kansa ya yanko maka balangu daga inda ka nuna, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa. A takardar buhun siminti za a naɗe maka, ka ci a tsaye, kuma ya fi duk abin da na ci da cokali mai yatsu. Tuwon sayarwa ma bai mutu ɗungum ba. Akwai mace biyu ko uku da ke tuƙawa ranar kasuwa saboda mutanen ƙauye masu zuwa daga wajen Urafan da Korgom, ɗaya a cikinsu miyar guronta ta isa a yi mata tafiya. Sai dai ka zo kafin azahar, don ba ta tuƙa na biyu.

To, ka ji abin da ya samu. Kai ma ka ba ni naka labarin, kuma ka faɗi gaskiya, ban da cika bakin Kanawa da ka koya: tuwon shinkafar da kuke saye a leda yana ƙosar da kai? In Allah Ya kawo ka da sanyin bana, ka daidaita zuwanka da ranar kasuwa, kuma ka riƙo mini gurasar Jakara, ni kuma kilishin komawarka yana wuyana. Ka gaida uwargida da yara, ka gaida Alhaji maigidanka. Mutanen majalisa duk suna gaishe ka, sun ce ka daina aiko gaisuwa ba goro.

Wassalam,
naka amini, daga Maijirgi.