Jirgin da na rasa ranar Asabar

A hutun bana wani abokina da ya dawo daga Faransa ya zo mana da wasan Star Wars: Armada, wanda ya fito a 2015. Ƴan jiragen yaƙin sararin samaniya ne na roba, ana jera su bisa tebur. Mu huɗu muka rabu gida biyu, kowace Asabar bayan la'asar mu kara, kuma asarar wannan mako tana bin mutum har mako na gaba.

Ba kamar dara ba ne, da kake mayar da martani nan take. Babban jirgi sai ka jera masa umarni uku a ɓoye tun kafin lokacinsu. Ni sarkin gaggawa, duka ukun na ce a buɗe wuta. Sa'ad da jirgina ya buƙaci gyara, umarnin gyaran yana can ƙasa yana jiran layi. Aka tarwatsa shi.

Ɗana yana gefe yana kallo. Ya ce, "Baba, ai ka makara."

Maganar ta soke ni. Ni malami ne, amma bara sai da jarrabawa ta ƙarato na fara duba littattafansa. A daren nan muka zauna kan lissafi, tun ba a koma lakwal ba.