Maraɗi: tsakanin kwalbar kasuwa da takardar likita

Matafiyin da ya taso daga Yamai ya nufi gabas sai ya ci kilomita fiye da 600, ya ratsa Dosso, Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni, kafin ya sauka Maraɗi. Katsinawan da jihadi ya kora ne suka kafa sarautarsu a ƙwarin Gulbi a farkon ƙarni na 19. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon gari, aka hau tudu aka shata sababbin unguwanni. Gyaɗa ce ta fara arzuta garin, daga baya fataucin kan iyaka ya gaje ta, domin ga Ɗan Isa kusa, bayanta Jibiya, sai Katsina da Kano. Duk hajar da ta biyo wannan hanya tana samun rumfa a Maraɗi, har da magani.

Litinin da Juma'a ne kasuwa ke batsewa, kuma masu sayar da lafiya a cikinta iri uku ne. Akwai dattijo bisa tabarma da ganyen sabara, bagaruwa, ɓawon maɗaci, hulba da jar kanwa, sana'ar da ya gada kaka da kakanni. Akwai saurayi ɗauke da faranti shaƙe da ƙwayoyi ja da rawaya, yana yawo da su cikin ranar da ke lalata magani. Shi ne ma'aikata ke kira farmasin ƙasa. Na ukun mota ce da amsa-kuwwa, ana tallar kwalba guda wadda aka ce tana kashe basir, shawara, taifot, sanyin ƙashi da raunin mazakuta. Mai wucewa ya tsaya, don kuwa cikin jerin nan da wuya a rasa ciwonsa.

Ba jahilci ne kaɗai ya raya wannan ciniki ba. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin da majiyyaci ke biyan wani kaso na kuɗin jinya. Ranar 12 ga Janairun 1994 kuma aka karya darajar sefa da rabi, farashin maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya yi tashin gwauron zabo, a shekarun da ma'aikaci kan yi watanni bai ga albashi ba. Mai faranti ya shiga wannan giɓi. Yana sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, yana ba da bashi, ba layi, ba takarda da faransanci, kuma yana kiran cuta da sunan da mai ita ya sani. A 2006 gwamnati ta mai da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin kantoci wayam. Uwar da aka miƙa wa takarda aka ce ta je ta saya, kasuwa take nufa.

Likitoci ba su raina itace ba. Daga ɓawon itace masu haɗa magani biyu na Faransa suka fitar da kinin a 1820, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro na yau daga wata ciyawar ƙasar Sin ya samo asali, aikin da ya ba Tu Youyou kyautar Nobel a 2015. Zogalen da ake nomawa a Jiratawa, kudu da gari, abinci ne mai gina jiki. Tambayoyinsu uku ne kurum: me ke cikin kwalbar, nawa ne ma'auninsa, wa ya gwada shi?

Inda aka samu amsa, ba ta da daɗi. Ƙwayar ƙiba da ƴan mata ke sha gabanin aure sau da yawa dexamethasone ce, mai kumbura fuska ta jawo hawan jini da ciwon suga, ta raunana ƙashi. Hukumomin magani na ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil ɓoye cikin haɗin ƙarfin maza da aka ce na gargajiya ne zalla, alhali yana iya kada mai ciwon zuciya. Tramol da lebura ke sha don ya jure wahala, kama mutum yake ya hana shi sakat. Kafso biyu da aka haɗiya aka bari, koya wa ƙwayar cuta jure magani yake yi.

Mafi ciwo shi ne maganin ƙarin jini. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓi ke cika ɗakunan yara a asibitocin jihar. Yaron da tafin hannunsa ya yi fari, gwaji yake bukata da allura, wani lokaci har da ƙarin jini na gaske. Jar kwalba ba lalle ta zama guba ba, amma kwana ukun da aka yi ana jiran aikinta su ne kwanakin da ake rasa yaro.

Nijar ta ɗanɗana kuɗar jabu. A annobar sanƙarau ta 1995, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an yi wa mutum fiye da 50,000 rigakafin jabu da ya zo kyauta daga Najeriya, ta ƙiyasta mutuwar 2,500. A 1996 aka kafa ɗakin gwajin magunguna na LANSPEX a Yamai. A 2017 hukumar ta ce magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko maras inganci, a Janairun 2020 kuma Nijar ta shiga yarjejeniyar Lome ta yaƙi da fataucinsa.

Sai dai yarjejeniya a Lome ake sa mata hannu, kwali kuwa ta Ɗan Isa yake shigowa. Akwai attajirin da ya yi odarsa, akwai jami'in duwan da ya kau da kai, kuma ƴaƴansu duka daga kasuwa ɗaya ake saya musu magani. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Kame da ƙone-ƙone suna rage kaya na ɗan lokaci. Abin da zai rage masu saye shi ne ranar da talaka zai tarar da magani na ƙwarai, mai araha, a gidan likitan unguwarsu, da ma'aikacin da zai yi masa bayani da Hausa. Kafin wannan rana, amsa-kuwwar kasuwar Maraɗi ba za ta rasa masu saurare ba.